Malama Balkisu, wadda ta sa na kira sunan ɗan farina

Ranar Talata da hantsi, ina zaune da wata mata da ta tsallako iyaka daga Binin, wayata ta yi ƙara. Ƙanen Malama Balkisu ne. Ya ce, "Hajo, Malama ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar, na saurari matar nan har ta kai ƙarshen maganarta, domin da na tashi na bar ta, Malama ba za ta ji daɗina ba.

Ga wanda bai san ta ba, nas ce a wani ƙaramin asibiti a Illo. Da girmanta ta koma karatu, ta koyo aikin sauraron masu damuwa da ba su shawara. Aka yi ta yi mata dariya, wai ta bar allura ta koma zaman hira.

To, ni hirar nan ce ta raya ni. Bafulatana ce ni, daga wata ruga kusa da Zagga. Ɗana na fari ya nutse a kogi yana da shekara tara. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle a ga hawayenta a kansa. Na riƙe kunyar nan har ana yabona. Daga baya abinci ya ƙi shiga, magana ta ɗauke. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka ce iska ce. Da na kasa tashi, mijina ya kawo ni asibiti a ƙara mini ruwa.

Da Malama ta ji labarin ɗana, ta sa aka kai ni ɗakinta na hira, ta rufe ƙofa, ta zauna ƙasa kusa da ni. Ta ce, "Ɗiyata, mi sunanai?" Na ce, "Yaron." Ta ce, "A'a, sunanai nika tambaya. Nan babu surukai." Na duƙar da kai har aka kira azahar. Ba ta matsa mini ba, ba ta kuma tashi ba. Can na ce, "Buba." Tun da na haife shi, ranar bakina ya fara furta sunansa. Kukan da na yi, har masu jiran magani a waje sun ji.

Ita ta tura ni makarantar yaƙi da jahilci, ta yi ta faɗa da ni har na yi karatun wannan aiki, na dawo ɗakinta muka zauna tare. Tana da zafi, ba na ɓoyewa. Ranar da na katse wani tsoho da nasiha, wata uku tana yi mini gori. Takan ce, "Wanda ya zo miki da kuka ba wa'azi ya rasa ba, kunne ya rasa." Takan kuma ce, "Kada ki yi saurin ce ma mutum haƙuri, bari shi gama."

A gidan gaisuwa, wani babba a asibitinmu ya ja ni gefe ya ce, "Hajo, ɗakin nan naku sito za mu mai da shi, ai mai hirar ta tafi." Subhanallahi! Ko sadakar uku ba a yi ba. To, ga amsata gare shi yanzu. Ranka ya daɗe, kowace ranar kasuwa mata da maza suna zuwa ɗakin nan, wasu daga ƙetaren iyaka, da abin da ba su iya faɗa a gidajensu. Ba zan sallame su ba. In ka kulle ɗakin da kwaɗo, zan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke bayan asibiti, in ka hana ni nan, ƙofar gidana tana buɗe.

Allah ya jiƙan Malama Balkisu, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya saurare ta da rahama ranar da kowa ke neman mai jin sa. Allah ya dafa wa maigidanta da 'ya'yanta, ya raya su bisa tarbiyyarta. Mu kuma da ta bar wa aikin, ya Allah kada ka sa kwaɗon wani ya ba mu tsoro. Amin.