Akuya Uku da Ɗaki Biyu

Gidan da na tashi a Adjamé ta birnin Abidjan, can cikin unguwar Bracodi, na kakanmu ne. An yanka shi ɗaki-ɗaki, rabi mu, rabi 'yan haya, ga famfo guda a tsakar gida da kowa ke layi a kansa tun asuba. Kakarmu Iya Abu ita ke da ɗakin ƙurya. Ƙosai da kunu take sayarwa a bakin titi, wajen da motocin haya na gbaka ke lodin fasinja, kuma ba ta tashi sai an kira magariba. In ta shigo, takan ajiye murhunta a ƙofar ɗaki da sauran garwashi a ciki, ta yi salla, ta jawo kwaryar waken gobe ta hau tsinta. Lokacinmu ke nan. Mu shida ne jikokinta a gidan, sai 'ya'yan maƙwabta biyu da ba sa jin Hausa sosai amma ba sa fashi.

Iya na da doka ɗaya: ba a Faransanci a gaban murhunta. Mu kuwa haihuwar Abidjan, harshen lakwal, wato makarantar boko, ya fi mana sauƙi a baki. In wani ya kuskure, sai ta ɗaga kai daga kwarya ta ce, "Wi da non ɗinka ka ajiye wa madam ɗinku gobe. Nan gidan Hausa ne." Yawancin Hausar da nake rubutu da ita yau a gefen murhun nan na tsince ta.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda na ji wasu ke yi. Cewa take, "To, baƙuwa ta iso ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Wata rana da damina, an ɗauke wuta, ruwa ya tsagaita amma kwanon rufi na ta ɗiga, ta ba mu labarin Tabawa.

Wai a wani ƙauye na bakin gulbi, duk shekara bayan girbi ana biyan haraji gwargwadon dabbobin mutum. Gidan da ake rubuta lissafin yana babban gari, tafiyar kwana biyu, mutanen ƙauyen kuma tsoron gidan suke, ba wanda ya taɓa leƙa shi. Akwai wani mutum da suke kira Mai Jaka, saboda jakar fata da ba ya rabuwa da ita. Shi ke zuwa a madadinsu, ya dawo ya faɗa wa kowa abin da aka yanka masa. Tabawa tsohuwa ce, mijinta ya rasu, akuya uku gare ta. Mai Jaka ya dawo ya ce harajinta akuya guda. Ta bayar. Ragowar suka haihu, suka koma uku, shekara ta zagayo, ya sake cewa akuya guda.

Sai Tabawa ta tambaye shi, "Kai, nawa kake ce musu ina da su?"

Ya ce, "A rubuce yake, Inna. Ba za ki gane ba."

A nan Iya kan ajiye kwarya ta ɗaure ɗankwalinta tamau, kamar ita za ta yi tafiyar. Tabawa ta kora awakinta ta kama hanya. Ranar farko mai tsaron ƙofa ya ce ta dawo gobe. Rana ta biyu aka ce marubucin yana cin abinci, bai gama ba har rana ta faɗi. Rana ta uku aka ce ba ranar ƙauyensu ba ce. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta kafa turke a ƙofar gidan, ta ɗaure awakin, ta zauna. Awaki suka ji yunwa suka cinye zanan gidan, suka hau kuka ba ji ba gani. Rana ta huɗu marubucin ya fito da kansa don ya ga mai hana shi sakat. Ya buɗe littafi ya karanta: Tabawa, akuya talatin.

"Sai ta ce masa, ga su nan, ɗana, ƙirga," in ji Iya. "Ya ƙirga uku. Ya zagaya ta baya ya sake ƙirgawa, uku dai. Ashe harajinta mudu biyu ne na gero. Ta kwance awakinta ta koma gida. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Yayana ya ce, "Iya, me aka yi wa Mai Jaka?"

Ta ce, "Ni ban bi shi ba, Tabawa na bi." Sai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "In aka tambayi abin da kuke da shi, ku je ku faɗa da bakinku. Ko kwana huɗu za ku yi a ƙofa."

Iya ta rasu ina aji na ƙarshe a lakwal. Na koyi ɗinki, na yi aure, na buɗe shago a Treichville da keke huɗu. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gidan Bracodi, ɗaki biyu suka faɗo mini, na zuba 'yan haya. Takardun haraji kuwa, wanda mu a nan muke ce wa lanho, ban taɓa cike su da hannuna ba. Baba Sule ke yi mini. Aminin mahaifina ne, yana da tebur da kujera kusa da kasuwa inda yake cike wa mutane takardu. Duk shekara sai in kai masa littafin shago da rasit-rasit, ya faɗi abin da zan biya, in ba shi har da ladansa, ya kawo mini kwafi in jefa a akwati ban karanta ba.

Shekarar da aka mayar da abin ta intanet, Baba Sule ya zo shago da kansa. Idonsa ya yi rauni, kwamfuta kuma ba ta zamaninsa ba ce. Ya ce, "'Yata, in kin buɗe shafinki ki ba ni kalmar sirrin, akwai wanda zai riƙa danna mana." Na ce to, zan yi shawara. Yana fita Tabawa ta faɗo mini a rai. In faɗi gaskiya, har da zargi a zuciyata. Shekaru nawa yana faɗar adadi ina miƙa kuɗi? Na ƙudura zan yi da kaina, kuma ina tsammanin zan tarar da tawa akuya talatin.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ina da Faransancin lakwal, amma na haraji dabam yake, sai in karanta layi sau uku ban san me ake nema ba. Ranar farko na cike rabi shafin ya rufe, komai ya goge. Rana ta biyu wuta ta ɗauke. Rana ta uku na rufe shago na tafi ofishin haraji da littafina, na yi layi tun safe har azahar. Wata mata mai tabarau ta zaunar da ni ta bi gurabun da ni ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a bayan ambulan. Ta nuna wani gurbi da biro ta ce, "Nan na kuɗin haya ne, madam, in kina da gidan da kike ba da haya. In babu, ki bar shi."

Na dawo gida na buɗe akwati na fito da kwafin duk shekarun baya. Lissafin shago daidai yake, ko dala Baba Sule bai ƙara ba. Gurbin kuɗin haya kuwa babu komai a ciki, daga shekarar farko har ta ƙarshe.

Washegari na same shi a teburinsa. Na gaishe shi, na ajiye takardun a gabansa na ce, "Baba, ka manta da ɗakunan Bracodi ne?"

Bai ko duba ba. Ya ce, "Ban manta ba. Mahaifinki ya bar mini amanarki. Ɗaki biyu a lungu, wa zai sani? Na ga kina fama da shago da yara, na ce a rage miki."

Kunya ta kama ni, don na zo da zargin yana cutata, ashe a nasa ganin kare ni yake. Na yi masa godiya na tashi. A gida maigidana Habibu ya ce in bar gurbin yadda yake. "Rakiya, ba ke kika fara ba, kuma ba wanda ya tambaye ki. In kin rubuta bana, za su ce ina na bara." Gaskiya ya faɗa. Ga shi kuma na yi shekara biyu ina tara kuɗin keken surfani, saura kaɗan su cika, har na je na ga wanda nake so.

Na kwana biyu da maganar. Abin da ya tsaya mini shi ne layin ƙarshe na shafin, inda mutum ke shaida cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Da, hannun wani ke rubutawa, ni ban sani ba. Yanzu na sani, kuma yatsana ne zai danna. Ranar Alhamis bayan azahar na zauna a shago, na rubuta hayar wata goma sha biyu ta ɗakunan biyu, na ga adadin da ke ƙasa ya tashi, na yi bisimilla na tura. Ranar Litinin na koma wajen matar nan mai tabarau na gaya mata batun shekarun baya. Ta cire tabarau ta dube ni jim kaɗan, sannan ta jawo takarda. An yarda in biya kaɗan-kaɗan, har da tara. Kuɗin keken surfani can suka tafi, sai bayan shekara biyu na saye shi.

Nakan yi tunanin labarin Iya. Muna yara mun ɗauka daɗinsa shi ne Tabawa ta koma gida da awakinta cif. Amma ranar da ta kama hanya ba ta san abin da ke cikin littafin ba. Da a ce an rubuta mata biyu ne, tana da uku a turke, da a gaban marubucin za ta tsaya a ƙirga. Iya ba ta taɓa ce mana in mun faɗa da bakinmu za mu ci riba ba. Cewa ta yi mu je mu faɗa.

Baba Sule ya yi fushi da ni. Ya ce na mayar da alherinsa laifi, wata uku in na gaishe shi da ka yake amsawa. Ban daina zuwa ba, ban kuma fasa kai masa shinkafar azumi ba. Wata safiya ina yanka shadda sai ga shi ya shigo da sandarsa da wata tsohuwar jaka cike da takardun mutane. Ya zauna a benci ya ɗora jakar a cinyarsa. Can ya ce, "'Yata, mutanen nan duk sun dogara da ni, wanda na ce zai danna mana kuma ban yarda da shi ba. Ki nuna mini yadda abin yake."

Na ce, "Zan nuna maka, Baba. Amma kowa ya zo da kansa ya zauna, a karanta masa gurbi-gurbi ya amsa."

Ya ɗan murmusa ya ce, "Har gurbin haya?"

Na ce, "Har shi." Na ajiye almakashi na jawo masa kujera kusa da tawa.