Yadda Ake Adana Wake a Gidanmu

Shekarar da aka ba ni aji biyar a wata firamare cikin ƙauyukan Ɗanbatta, babu abin da ya ci mini rai kamar koya wa yara rubuta umarni. Ki ce yaro ya rubuta yadda ake dama koko, sai ya rubuto miki, "A dama a sha." Gasarar fa? Tafasasshen ruwan fa? Sai su zuba mini ido, don a wurinsu ai kowa ya san wannan. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce su rubuta kamar mai karantawa bai taɓa shiga gidansu ba, ɗaya bayan ɗaya, kada su tsallake komai.

Da kaka ta yi, na ce kowa ya rubuto wani aiki da ake yi a gidansu. Akwai wata yarinya mai zama a layin baya, ba ta cika magana ba. Ita ta rubuto yadda ake adana wake. A shanya shi kwana uku. A sheƙe. A zuba a buhu. A naɗe ƙwayar magani a tsumma, a cusa tsakiyar waken. A ɗaure bakin buhun. A jingine shi a ɗakin Inna, bayan gado, inda ɓarawo ba zai kai ba.

Na san ƙwayar nan, ita ake ce wa bom. Iskar da take fitarwa ce ke kashe ƙwarin wake, kuma in ɗaki a rufe yake ba ta barin mutum. Na san innar yarinyar tana goyo, ga sanyi ya fara, kowa na rufe ƙofa da taga. Da na zo layin ƙarshe, na san akwai haɗari. Amma ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji ya fi yawa. Wata biyu ina ihu, yau ga wadda ta gane. Na ba ta goma bisa goma da jan biro, na karanta wa aji, na sa aka tafa mata. Ban so in rage mata murna a gaban 'yan'uwanta ba. Na ce a raina in an tashi zan biya ta gidansu, mu yi maganar da innarta, mace da mace.

Da aka tashi, mai babur ɗin da ke mayar da ni gari yana ta danna mini oda. Na ce sai gobe. Washegari aka kira taron malamai. Ranar Juma'a kuma da wuri muke tashi.

Litinin ba ta zo ba. 'Yan ajin suka ce ƙaninta ya rasu ranar Asabar da safe, innarta kuma tana asibiti.

Na je gaisuwa. Buhun yana yashe a tsakar gida, kusa da turken awaki. Kakar yarinyar ce ta shimfiɗa mini tabarma.

Na ce, "Kaka, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne."

Ta ce, "Amin, Malama, Allah ya ba da lada. A asibiti sun ce maganin waken ne. Ni dai tun ranar da aka shigar da buhun na ce warinsa bai yi mini ba, a fitar da shi. Har uban ya tashi zai ɗauka. Sai 'yar nan ta ɗauko littafinta, ta ce Malama ta duba, babu kuskure ko ɗaya. To mu su wa, da za mu ja da masu ilimi? Muka bar shi."

Ba da zargi ta faɗa ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Yarinyar ta fito daga ɗaki da ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta gaishe ni kamar yadda take yi kullum a aji.