Ni Ƙafa, Shi Bindiga

Ni ne ƙafa, shi ne bindiga. Haka muka raba aikin tun ranar farko, kuma wallahi babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mana ba haka ake yi ba.

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharada, masu yin bokiti da buta da kwando. Aikina a ofis ne: in ɗaga waya, in kai takarda nan, in karɓo can. Abokina kuwa makanike ne, Badamagare, dogo mara yawan magana, ya girme ni da kamar shekara biyar. Ba shi da kowa a Kano. Ni ma dangina duk suna ƙauye, ɗaki na kama a Ɗorayi, kwana kawai ke kai ni. Kun dai san wasan Bakano da Badamagare. Shi ya ce mini "bawana", ni in ce masa "ɗan ci-rani", da haka har muka koma cin garau-garau a kwano ɗaya.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ofishinmu, wadda wani injiniya da ya bar aiki ya zuba wa gem, wato wasan kwamfuta. Wata rana da hutun azahar na danna shi bisa tsautsayi. Sai ga mu a cikin wata tasha a can wata duniyar, taurari ta taga, mutanen wurin duk sun mutu, injuna masu kama da mutane sun haukace suna farautar wanda ya rage. Ba ka ganin fuskar mutumin da kake juyawa, hannunsa da bakin bindigarsa kawai kake gani. Abokina ya leƙo ya ga kibod mai maɓallai, ya ga maus, ɗan linzamin nan na kwamfuta, ya ce, "Wannan ai aikin mutum biyu ne." A ɗakin injuna inda yake aiki, kowane inji mutum biyu ne a kansa, ɗaya na zuba garin roba, ɗaya na cire kaya. Ya jawo kujera ya kama maus, ni na kama kibod, shi ke nan.

Ku zo ku ga wahala! Ni ke tafiya amma ba ni ke juyawa ba, shi ke dubawa da harbi amma ba ya iya ɗaga ƙafa. In na ruga gaba shi yana kallon rufi, sai mu faɗa rami. "Bawana, tsaya mana! Kai ba ka da birki ne?" Ni kuma in ce, "Ɗan ci-rani, juya hagu, hagun Kano ba ta garinku ba!" An kashe mu ya fi a ƙirga. Amma a hankali muka saba, har ya zama ba sai mun yi magana ba. Yana gyara zama na san zai juya, ina ja da baya ya san akwai wani abu a bayan kwana.

Rigimarmu ɗaya ce. In ka yi nisa gem ɗin yana ba ka maki, kai za ka zaɓi abin da za ka ƙara wa mutumin naka: ƙarfi, ko gudu, ko iya harbi, ko iya gyara. Ni gudu nake so, tunda ƙafar tawa ce. Shi kuwa kullum gyara. Ya ce mutumin da ba ya iya gyara bindigarsa ba mutum ba ne. Da yake maus a hannunsa yake, shi ke cin nasara, har mutumin namu ya zama makanike irinsa, mai tafiyar hawainiya.

Sai aiki ya fara tsayawa. Wuta ba ta zama, janareta ya fi ƙarfin kamfani, aka rufe inji ɗaya, aka rufe na biyu. Ranar wata Alhamis aka ce ma'aikata su tafi gida sai an neme su. Ni aka bari saboda waya, sai Baba maigadi a can bakin ƙofa, tsohon da ba ya ji sosai. Kafin abokina ya tafi mun yi wasan ƙarshe, muka kai bakin wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai jar fitila, muka ajiye wasan a nan. Ya miƙe yana karkaɗe wando ya ce, "Kada ka buɗe ƙofar nan sai na dawo." Na ce, "Da wace bindigar zan buɗe?" Muka yi dariya, na raka shi har titi da akwatin kayan aikinsa, zai koma garinsu noma.

Ban san kamfani yana da girma haka ba sai da ya yi shiru. Ƙarfe takwas in buɗe ofis, in zauna. Wayar sai ta yi kwana uku ba ta yi ƙara ba, in ta yi ma wani ne ya yi kuskuren lamba, kuma sai in ji kamar in riƙe shi da hira. Tantabaru suka cika rufin ɗakin injuna, ciyawa ta fito inda manyan motoci suke juyawa. In na je wurin Baba, sai na ɗaga murya kamar mai faɗa, ya gyaɗa kai ya ce "Allah ya kyauta", ko me na ce. Abinci ni kaɗai, rabin kwano ma ba na cinyewa. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

In an kawo wuta sai in kunna gem ɗin in tsaya a bakin ƙofar nan. Da kibod kaɗai ba ka juyawa, sai gaba da baya da gefe kamar ƙaguwa. Wata biyu ina haka, jar fitila na kallona. Rannan na ce bari in taɓa maus ɗin kaɗan, in juya in kalli taurari ta taga, ai wannan ba saɓa alkawari ba ne. Na ɗora hannun dama a kai, na hagu na kan kibod. Na juya, na taka, na sake juyawa. Komai ya tafi sumul, ba faɗawa rami, ba karo da bango. Ashe tun asali don mutum ɗaya aka yi abin. Na zauna ina jin haushi, ban ma san haushin wa nake ji ba.

Na daure sati ɗaya. Ranar da na buɗe ƙofar ruwa ake yi tun safe, ko Baba bai leƙo ba. Na ce ɗaki ɗaya kawai zan gani in dawo. Ina! Kafin la'asar na wuce inda da mu biyu ne sai mun yi wata. Duk makin da na samu a gudu na zuba. Da na zo ajiyewa kuma, ban lura ba na ɗora a kan tsohon wurinmu, ya goge. Tun ina cewa gobe zan daina har na bar faɗa.

Bayan kaka, wata Talata da hantsi, na ji sallama a ƙofar ofis. Shi ne, ya rame, da jaka a kafaɗa. Ya ce kudu ya nufa neman aiki, motarsu sai yamma za ta tashi, ya ce bari ya biyo ya ga bawansa. Na rasa inda zan sa kaina don murna. Na sayo garau-garau muka cinye tas, ya ba ni labarin gero da na 'yarsa da ta fara tafiya. Ina ta addu'a a raina kada a kawo wuta, sai kuwa fanka ta fara juyawa.

"Yawwa," in ji shi, "kunna mana mu buɗe ƙofarmu."

Na kunna. Ya jawo kujerarsa ta da, ya naɗe hannun riga. Gem ɗin ya buɗe a wani wuri da bai taɓa gani ba, da wata bindiga da bai sani ba. Ya miƙo hannu zai kama maus, sai ya tarar da nawa a kai. Wallahi ban san lokacin da na ɗora shi ba. Na janye da sauri na ce, "Ga shi, kama."

Bai kama ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "A'a, yi in gani."

Na yi. Na bi wani dogon lungu a guje, na harbe injuna uku ba tare da sun taɓa ni ba. Yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, bai ce hagu ba, bai ce tsaya ba. Da aka kira azahar muka yi salla tare da Baba, ya ɗauki jakarsa. Na raka shi titi ina ta neman abin da zan ce, ina jira ya zage ni ko ya tsokane ni, ko da kalma ɗaya.

Da ɗan acaɓa ya tsaya, ya ba ni hannu ya ce, "Ka iya sosai, Malam. Allah ya sada mu da alheri."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Ban sake ganinsa ba.