Agogon da Na Zaɓar wa Ladan Mai Nutso

Ga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 1963, da hantsi, gulbi ya karɓi Ladan mai nutso a mashigin Fakku ta ƙasar Kebbe. Ni ne Malami, mai riƙe masa igiya shekara ashirin da biyu. Yau kwana bakwai, har yanzu ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina amsa gaisuwa, shi ke nan.

Ladan, daga Tambuwal har Kebbe ba wanda bai san aikinka ba. Guga ya faɗa rijiya, kai ne. Ruwa ya ci mutum, kai ne mai fito wa dangi da gawarsu su binne. Tsohuwar nan ta Dogon Daji da ka tsamo wa mundayenta ta kawo maka kaza, ka sa aka yanka aka mayar mata da romon.

Tsarinmu tun na iyayenmu ne. Ka ɗaura igiya a ƙugu ka nutse, ni ina bakin ruwa ina jan tasbaha. Tasbaha ɗaya da rabi, sai in jawo ka, ko ka so ko ka ƙi. Sau nawa ka fito kana zagina wai saura kaɗan hannunka ya kai.

Shekarar samun mulkin kai, wani Baturen aikin rijiyoyi da ka tsamo wa akwatin kayan aikinsa zai koma gida. Ya shimfiɗa maka agogo biyu masu tsada a kan hankici, kowanne da maɓallin ƙirga minti, ya ce ka ɗauki ɗaya. Na farko na aljihu ne, ruwan zinariya, ba ya son jiƙa. Na biyu na hannu, baƙin ƙarfe mai nauyi, ruwa ba ya shigarsa, lambobinsa suna haske a duhu. Ka juyo ka ce in zaɓar maka.

Da na nuna na aljihun, da a hannuna zai zauna, a tudu. Wallahi na san haka. Amma burga ta ɗebe ni, ina son a ce abokina ne mai agogon da ke shiga ruwa. Na nuna na ƙarfen.

Tun daga ranar ka ce in daina jan ka, lokaci na hannunka, in ka so fita za ka girgiza igiya. Na ji daɗin hutun. Tasbaha ta koma aljihu. Ban taɓa tambayarka ko lambobin nan suna ganuwa a ruwan damina ba, ruwan da ya yi ja kamar kunu.

Ranar Larabar, kwalekwale ya kife da mutum uku. Ka fito da biyu, ka koma neman na ukun. Na tsaya riƙe da igiya ina jiran ta motsa. Sai da wani masunci ya daka mini tsawa sannan na ja. Mun ɗago ka agogon yana tafiya.

Ranar sadakar uku matarka Atu ta aiko aka kira ni bakin zaure. Ba ta san mun bar tsarin ba. Daga bayan asabari ta ce, "Malami, tasbaha nawa kaj ja kahin ka ɗago shi?"

Na yi ta jera maka addu'a har ta gaji ta koma ciki.

Allah Ya jiƙan ka, Ladan, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba 'ya'yanka Jumare da Kulu haƙuri, da dangi, da mutanen Fakku baki ɗaya.

Atu, Allah Ya ba ki dangana. Duk wanda ya karanta miki wannan takarda kada ya tsallake wannan layi. Tasbaha ko ɗaya ban ja ba. Ki yafe mini in kin iya.