Hancin Baba Tsami

A masana'antar tace ma'adinai ba mai kiransa da sunan yanka, Baba Tsami kawai ake cewa. Aikinsa guda ne tun gemunsa na baƙi: ya tsaya a kan manyan tankunan da ake dama niƙaƙƙen dutse da sinadari mai guba, ya hana taɓon yin tsami. Da tsami ya fara yawa, sai ya buɗe famfon ruwan farar ƙasa ya kashe shi. Don in aka bari, iskar da taɓon nan zai fitar ba ta sallama kafin ta ɗauki rai.

Akwai na'urar auna tsami a tsome cikin tankin, amma taɓo kan toshe mata baki ta yi ta zuba ƙarya. Shi ya sa kowa ya fi yarda da hancin Baba. Ya sassauta takunkumi, ya ja iska, ya ce, "A ƙara farar ƙasa." Ma'aikata har tsokanarsa suke yi: "Baba, ranar ritaya ka bar mana hancin a ofis."

To, ita ƙurar farar ƙasa ba ruwanta da sabo. A hankali ta cinye hancin. Matarsa ce ta fara ganewa, ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus yana zaune a ƙofar kicin yana gyaran rediyo.

"Malam, ba ka ji ƙauri ba?"

"Mura ce."

"Murar da ta shekara? Ka faɗa musu a wurin aiki."

"In faɗa su mai da ni gadin ƙofa? Ni?"

Haka ya ci gaba da hawa tanki, yana jan iska yana gyaɗa kai, alhali na'urar yake satar kallo.

Wata rana da hantsi ƙaninsa, makaniken masana'antar, wanda shi Baban ya samo wa aikin, ya hau zai gyara injin dama taɓo.

"Yaya, shaƙa mana. Takunkumin nan zafi gare shi, ko noti ba na gani da shi."

Na'ura ta nuna lafiya. Baba ya ja iska, bai ji komai ba, kamar kullum. Gaskiyar ta zo masa har bakin haƙori. Amma ga ma'aikata tsaitsaye suna kallonsa.

"Lafiya lau. Yi aikinka."

Makanike ya rataye takunkumi, ya sunkuya cikin bakin tankin. Sifana ce ta fara faɗuwa, sannan shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Masu bincike suka ɗora wa na'ura laifi. Ma'aikata suka ce, "Abin da ya fi ƙarfin hancin Baba ai ƙaddara ce." Shi kuwa da ƙafarsa ya je ya roƙi gadin ƙofa, can yake har yau.

'Ya'yan marigayin a gidansa suke. Kwanan baya 'yar autar ta kawo masa sabon sabulu har hanci.

"Baba, ji ƙamshi."

Matarsa ta tsaya cak da tsintsiya a hannu.

"Ba na ji, 'yata," ya ce. "Na daɗe ba na ji."