Tafinta Tsakanin Inna da Likitar Sinuwa

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama inda nake zaune, in kuwa ya zama dole ta yi magana a kaina sai ta ce "wanga" ko "shi". Kakata ta wajen uba ce ta ɗauke ni tun daga yaye, a ɗakinta na girma, a ƙauyenmu kusa da Barmu, taki kaɗan daga ƙofar matar da ta haife ni. Na san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, har yabon Inna ake yi a kanta. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Na yi furfura a gemu, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a garin Tawa, manya da yara na ce mini Mushe, wato malam da Faransanci, amma in na je gida na durƙusa na gaishe ta, ƙasa take amsa wa.

Ciwon Inna na kwankwaso ne, yana sauka ta ƙafar hagu har diddige. Kuma yana da lokacinsa. Da bazara garau take, da damina ta yi noman ɗan gandunta ba wanda ya ji ta. Amma da zarar an gama kaka, an sa damman hatsi a rumbu, sanyi ya fara shigowa da asuba, sai ya taso mata. Babu abin da ba a gwada ba. Wanzami ya kafa mata ƙaho har bayanta ya cika da tabo. An dafa saiwoyi, an shafa man shanu da kanwa, wani Buzu abokin babanmu ya kawo ganye daga arewa, ni kuma na yi ta aiko da ƙwayoyi daga farmasi. Sai ya lafa, shekara ta zagayo ya dawo.

A shekarar da nake magana ya kayar da ita sosai. Ta koma salla a zaune, daga baya a kishingiɗe. Bayan gida ma da rarrafe take zuwa, matar da a da take ɗauko tulu daga rijiya tana tafe tana hira. Ƙanwata, autarmu, ita ta kira ni a waya tana kuka, ta ce in ba a yi wani abu ba Inna ba za ta sake miƙewa da ƙafafunta ba.

A lokacin akwai wata likita a asibitin Tawa, mutuniyar ƙasar Sin, waɗanda mu nan muke kira Sinuwa. Wani abokin aikina da wuyansa ya sandare ya ce ita ta sake masa shi da allurai, kuma alluran ba ruwan magani a cikinsu. Na ce masa, "Haba Mushe, allura ba magani, to me za ta yi, ɗinki?" Amma ba ni da wata dabara. Na je da motar haya na ɗauko Inna da auta, aka sauke su a gidana.

Likitar ƙaramar mace ce mai furfura, Faransancinta a gutsure amma ana ganewa. Ba ta ɗauko wani inji ba. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun Inna, ta daɗe a haka, ta koma ɗaya hannun. Ta sa ta fito da harshe ta duba. Ta taɓa tsakiyar kwankwason da bayan hannunta, ta ce wurin ya fi sauran jiki sanyi. Daga nan sai tambayoyi, ba iyaka: yaya barci, tana zufa ko ba ta yi, ruwan sanyi take so ko mai ɗumi, sau nawa take tashi fitsari, wane irin launi.

A nan aka samu matsala. Likita ba ta jin Hausa, Inna da auta ba su jin Faransanci, mai yi mata tafinta kuwa yana can wani ɗaki da layin mutane a gabansa. Ni kaɗai ne na rage. To ina Inna, ina faɗa wa ɗan farinta maganar fitsari? Sai muka shirya wani tsari da har yau in na tuna nake rasa ko dariya zan yi ko kuka. Likita ta tambaye ni, ni in faɗa wa auta, auta ta juya ta faɗa wa Inna, alhali Inna ta ji da kunnenta. Inna ta amsa wa auta ƙasa-ƙasa, auta ta maimaita mini da Hausar da na riga na ji, sannan in juya wa likita. Har likitar ta tsaya ta tambaye ni ko tsohuwar wani yare take yi daban. Na yi mata bayani. Ta gyaɗa kai, ba ta yi dariya ba, na ji ta shiga raina.

Da za a sa alluran sai na koma bayan labule. Siraran abubuwa ne kamar gashin wutsiyar doki. Na ji Inna tana ce wa auta, "Ke, wanga wane irin magani na? Ko jini bai hito ba." Ita a wurinta maganin da bai fitar da mataccen jini ba wasa ne. Amma a ranar ta yi barci, washegari ta zauna da kanta ba a tallafe ta ba.

Likitar ta kuma kafa dokoki. Ta ce kowane lokaci na shekara da abin da jiki ke so, da sanyi jiki yana son a adana shi ne, ba a kashe ƙarfinsa ba. A rufe kwankwaso da ƙafafu, a bar fura mai sanyi da safe, a sha kunu mai zafi da citta, a kwanta da wuri. Inna ta ce wa auta, "Wanga ai mun sani, ba sai an zo daga Sin ba." Amma ta bi.

Sauƙin bai zauna ba. In an sa allurai sai ta samu kwana biyu, a na uku ciwon ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Kowane zuwa kuma likita sai ta maimaita tambaya ɗaya: yaushe ya fara? Inna ta ce bara. Auta ta ce ita dai tun tana yarinya take ganin Inna na dafe kwankwaso da sanyi. Likita ta ce ya girmi haka. Ta ce sanyin da ya shiga jiya da wanda ya daɗe a jiki ba hanya ɗaya ake bi da su ba, tana son sanin mafarinsa: faɗuwa ce, kaya ne mai nauyi, ko haihuwa? Inna ta ce, "Tsuhwa ta, ba komi ba."

Ana cikin haka aka aiko wa auta ɗanta ba lafiya, dole ta koma ƙauye. Matata kuwa ba ta da amfani a nan, don Inna na jin kunyarta kusan yadda take jin tawa. Kafin auta ta tafi likita ta faɗa mini a fili cewa ba za ta yi ta sokar tsohuwa a makance ba. In ba a samu amsa ba sai dai ta tura mu Yamai a yi hoto, ni kuwa na san ko ɗaure Inna aka yi ba za ta yi wannan tafiya ba.

Da yamma Inna ta sa jikarta, ɗiyata, ta gaya mini a mai da ita gida. Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Ba zan iya shiga in yi mata faɗa ba, sai na tsaya tsakar gida ina yi wa matata magana da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki. Na ce, "Shi ke nan, a mai da ita ta ƙarasa rayuwarta da rarrafe! Mutane su ce ta cika mai kunya, mu kuma mu zauna mu yi ta kallo. Ni dodo ne? Ko ba ita ta haife ni ba?" Matata tana ta yi mini alama da hannu in yi shiru. Amma da gari ya waye na tarar da Inna zaune bakin ƙofa, ta yafa mayafinta, tana jira.

A asibiti ta kwanta ta gefe, fuskarta ga bango. Ni ina bayan labule, ta gefensa kawai nake ɗan hango su. Likita ta sake riƙe hannunta, sannan ta ce in tambaye ta ko akwai haihuwar da ta yi cikin sanyi wadda ta ba ta wuya. Na rasa yadda zan ce "ke". Sai na ɗaga murya kamar mai shela na ce, "Ana tambaya ko an taɓa haihuwa cikin ɗari, aka sha wuya."

Ina jin kukan babur ɗin kabu-kabu a bakin ƙofar asibiti, ina jin numfashinta. Har na buɗe baki zan ce wa likita mu haƙura, sai Inna ta fara magana, ga bango, da wata murya da ban san tana da ita ba.

"A hwaɗa mata ta hwari ta. Wanga da ke tsaye. Na kwana biyu bisa gwiwa kahin shi zo. Shekarar ba a samu hatsi ba, ubanshi ya tahi biɗa Abijan tun kahin kaka, ba wanda ya tara mini itacen jego. Uwata ta rasu, ba gidan da zan tahi wanka. An dahwa mini ruwa ƴan kwanaki, itace ya ƙare. Ko arba'in ban yi ba na koma rijiya da asuba. Tun daga nan ciwon ka zuwa, duk shekara."

Wankan jego kowa ya san shi a wurinmu: mace in ta haihu sai ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa da ganye, tana shan kunun kanwa, don kada sanyi ya shige ta. Ni da na yi wa matata tulin itace a kowace haihuwa, ban taɓa tambayar wa ya yi wa Inna ba.

Likita tana jira. Na juya mata maganar da Faransanci, ɗaya bayan ɗaya. Da na zo wurin "wanga da ke tsaye" sai na ga babu yadda zan kauce, na ce: tun ranar da ta haife ni. A wurin na ji kunya, na kuma ji tausayin da ban taɓa ji ba. Likita ta ce a ƙasarsu ma mai jego wata guda take yi ba ta taɓa ruwan sanyi, kuma tsofaffinsu sun ce sanyin da ya shiga a lokacin shi ya fi wuyar fita. Ta buɗe wani akwati ta ɗauko busasshen ganye da aka naɗe kamar taba, ta kunna bakinsa, ta riƙa zagaya shi kusa da kwankwason ba tare da ya taɓa fata ba. Hayaƙin ya tsallako labule. Inna ta shaƙa ta ce, "Tazargade na." Likita ta ce ɗan'uwansa ne.

Daga ranar magani ya sauya: allurai a wasu wurare daban, gashi da wannan ganye kowane zuwa, da wasu saiwoyi masu ɗaci da ake tafasawa. Kafin sanyi ya fita Inna ta yi salla a tsaye, ta koma ƙauye da sanda a hannu. Ban ce ta warke ba. Likita ma ba ta ce ba, ta dai ce a dawo da bazara, don ciwon sanyi a lokacin zafi ake tarar shi. Har Allah ya karɓi ran Inna ciwon yana taɓa ta, amma ba ta sake rarrafe ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba.

A safiyar nan dai da ta ba da labarin haihuwata, ana cikin gashin, ɗaki ya yi tsit, na ɗauka ta yi barci. Sai na ji ta sake magana, fuskarta har yanzu ga bango.

"A ƙara hwaɗa mata, kada ta ga laihinshi. Shi bai san komi ba. Da asuba in zan tahi rijiya nikan tsaya in dube shi, ba kowa, in kira sunanshi. Ko da za a sake haihuwar, haka zan so."

Likita ta ɗago labule kaɗan ta dube ni, ta ce me tsohuwa ta ce. Na goge fuskata da hannun riga, na ce mata wannan ba ta magani ba ce.