Tuwon da aka yanka da zare

Damina biyu bayan yunwar da ta sa muka ci dusa, shekarar da tabkin Madarunfa ya cika ya shanye mana gonar wake, autana ya dawo daga karatun aikin gona a ƙasar Rasha. Takardarsa ban gani ba. Mata dai na gani, fara sol, doguwa, hanci kamar na zabo.

Na tambaye ta garinsu, yaron yana fassara. Ta ce Moldova. Wai 'yar ƙasa ce matse tsakanin koguna biyu, babu teku, ƙasar noma baƙa ƙirin, kowane gida da rami cike da giyar inabi. Ba ma Rashanci ne harshensu ba, na Romaniya suke yi. Wai kakarta ba ta taɓa barin ɗakin da aka haife ta ba, amma ta kwana 'yar Rasha, ta tashi 'yar Romaniya, aka sake mai da ta Rasha. Kafin nan Turkawa ke karɓar haraji.

Na ce, "To, mu ma Nasara biyu suka ja layi tsakaninmu da Katsina, amma mun san wanda ya mare mu. Ku kowa ya wuce sai ya ɗauke ku, kamar akuyar da ba ta da igiya."

A bakin rijiya maƙwabciyata, wata 'yar garin Gabi mai baki, ta ce, "Hajiya, sai ki koyi cin burodi da cokali." Nan na rantse gaban mata: in yarinyar nan ba ta iya tuwo ba, ba za ta kwana bakwai a gidana ba. Na san in ta tafi, yaron bin ta zai yi.

Ranar girkinta mata suka cika tsakar gida, kowa da dariyarta a shirye. Na ba ta garin gero. Ta ture, ta nuna masara. Ta riƙe muciya kamar wadda aka haifa a ƙauyen Safo, ta tuƙa har zufa ta jiƙa mata riga. Na miƙa mata mara ta kwashe, ta ƙi. Sai ta kife tukunyar ɗungurungum a kan faifai, ta zare zare daga bakin zanenta, ta yayyanka tuwon da shi. Ashe a ƙasarsu ma tuwon masara suke ci, haka suke yanka shi.

'Yar Gabi ta ce, "Ɗinki za mu ci?" Ta kai loma, ta ƙara. Ko gudaji ɗaya babu. Miyar kam ruwa ce, amma ba a kan miya na rantse ba.

Shekara goma sha wani abu ta yi a gidana tana kirana Inna. Muna tare aka ce ƙasarsu ta sami kanta, na ce su ɗaure ta da kyau wannan karon.

Yanzu ita da autan suna birnin Yamai, sun yi furfura. Cikin matan da suka zo dariya, saura ni da 'yar Gabi, ita ma ba haƙori.